Gani Ya Kori Ji? Darasi a kan Wahayin Lurd, Fatima da Kibeho

Wannan darasi na dukan iyali ne. Bayan tuwon dare, maigida ya tara uwargida da yara, a kunna fitila, a karanta Matta 17:1-8 da 2 Bitrus 1:16-21 tukuna.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwa haka yake, gama ba mai biyan kuɗin sa a kan maganar dillali, sai ya gan shi da idonsa. To, a sha'anin bangaskiya fa? Da yawa cikinmu muna da dangi ko maƙwabta 'yan Katolika a Maraɗi, Damagaram, Dogondutsi ko Yamai. A ɗakinsu mukan ga hoton wata mace mai farin lulluɓi da shuɗiyar ɗamara, wani lokaci har da 'yar kwalbar ruwa da aka kawo daga Faransa. Sukan ce Maryamu, uwar Ubangijinmu, ta bayyana ga waɗansu yara. Wata rana yaronka zai ce maka, “Baba, gaskiya ne?” Ke kuma uwargida, ran da ɗanki ya kwanta da zazzaɓi, maƙwabciya mai tausayi tana iya miƙo miki wannan kwalba. Me za ki yi? Bari mu fara jin labarin.

1. Abin da aka ce an gani

Lurd ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, kudancin Faransa. Ran 11 ga Fabrairu 1858 wata yarinya mai shekara 14, sunanta Barnadet, ta fita neman itace tare da ƙanuwarta da ƙawarsu. Iyayenta matalauta ne ƙwarai. A bakin wani kogo kusa da rafi ta ce ta ga wata mace cikin fararen tufafi. Daga ran nan zuwa 16 ga Yuli ta ce ta gan ta sau 18. Jama'a sukan taru, amma ba mai ganin kome sai ita kaɗai. Wata rana ta tona ƙasa da hannunta cikin kogon, ruwa ya ɓuɓɓugo, har yau kuma yana gudu. Ta ce macen ta bukaci mutane su tuba, a gina majami'a a wurin. Ran 25 ga Maris ta ce macen ta gaya mata ita ce wadda aka ɗauki cikinta ba tare da aibin zunubi ba. Shekara 4 kafin wannan, a 1854, Paparoma Piyus na 9 ya riga ya mai da wannan magana koyarwar ikklisiyarsu.

Fatima kuma sunan gari ne a ƙasar Fotugal. A 1917, lokacin yaƙin duniya na fari, yara uku makiyayan tumaki, Lusiya, Faransisko da Jasinta, suka ce wata mace mai haske ta bayyana musu sau 6, daga 13 ga Mayu zuwa 13 ga Oktoba. Sun ce ta umarce su su ja carbi kowace rana, ta nuna musu wutar jahannama, ta ce Allah yana so a girmama zuciyarta domin rayuka su tsira. A rana ta ƙarshe dubban mutane suka taru cikin ruwan sama, da yawa suka ce sun ga rana tana juyawa a sararin sama.

A nahiyarmu ta Afirka akwai Kibeho, a ƙasar Ruwanda. Ran 28 ga Nuwamba 1981 wata 'yar makaranta mai suna Alfonsin ta ce Maryamu ta yi mata magana, daga baya waɗansu 'yanmata suka faɗi haka. A 1982 suka ce an nuna musu kogin jini da gawawwaki, aka kuma kira mutane su tuba.

2. Abin da ikklisiyar Katolika take faɗi

An hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, saboda haka sai mu faɗi gaskiya. Shugabannin Katolika ba su karɓar kowane wahayi. Sukan yi bincike shekara da shekaru, yawanci kuma ba su amince ba. Bishop na wurin ya amince da na Lurd a 1862, na Fatima a 1930, na Kibeho a 2001. Duk da haka suna koyarwa cewa ba dole ne ɗan Katolika ya gaskata da waɗannan ba, gama bayyanuwar Allah ta cika cikin Yesu Kristi. A 2024 fadar Paparoma ta fito da sabuwar doka, cewa galibi ba za a ƙara tabbatarwa wahayi daga sama yake ba, iyaka a ce ba a ga abin hanawa ba. Sukan kuma ce ba sujada suke yi wa Maryamu ba, roƙonta suke yi ta yi musu addu'a.

3. Abin da wahayin yakan yi wa zuciya

Ba ma musu cewa waɗansu sun koma gida daga wuraren nan da niyyar barin zunubi. A Lurd dubban samari da 'yanmata suna tura kekunan marasa lafiya, suna yi musu hidima ba lada. Wannan abin koyi ne.

Amma akwai hatsari uku. Na fari, addu'a takan sake hanya. Cikin jan carbi, kowace Addu'ar Ubangiji guda ɗaya tana tafe da gaisuwar Maryamu goma. A hankali, sunan da yake fara zuwa bakin mutum ran wahala sai ya zama na uwar, Ɗan kuma yana baya.

Na biyu, zuciya takan rataya ga wuri da abu. An gwada ruwan Lurd tun 1858, aka iske ruwan sha ne kamar na kowace maɓuɓɓuga. Miliyoyin mutane suna zuwa can kowace shekara. Fiye da 7,000 sun kai rahoto cewa sun warke, amma waɗanda ikklisiyar ta yarda mu'ujiza ce ba su kai 100 ba. Barnadet kanta ba ta warke ba. Ta sha fama da fuka da ciwon ƙashi, ta rasu a 1879 tana da shekara 35. Wanda ya dogara ga ruwan, in bai warke ba, ina bangaskiyarsa za ta tsaya? Mu da muka ƙone layu muka bar rubutun sha, mun san yadda zuciya take son abin da hannu zai riƙe.

Na uku, gani ba ya sāke zuciya. A 1994, cikin kwana 100 ko kusa, aka kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda. An kashe dubbai a majami'ar Kibeho kanta, ɗaya daga cikin 'yanmatan nan ma ta mutu cikin kisan shekarar. Cikin masu kisan akwai masu sunan Katolika, akwai kuma masu sunan Furotestan kamarmu. Ubangiji ya riga ya faɗa cikin labarin mai arziki da Li'azaru cewa wanda ya ƙi jin Littattafai, ko matacce ya tashi ya zo masa, ba zai rinjaye shi ba (Luka 16:31).

4. Tiyar awo

Mai sayen hatsi ba ya dogara ga cikar buhu, sai ya auna da tiya. Manzo Yohanna ya gargaɗe mu mu gwada ruhohi (1 Yohanna 4:1). Mu ba mu san zuciyar yaran nan ba, ba kuwa aikinmu ne mu kira su maƙaryata. Saƙon da suka kawo shi za mu auna, da tambaya uku.

Ya yi daidai da Maganar Allah? Bulus ya gaya wa Galatiyawa kada su karɓi wata bishara dabam, ko da mala'ika ne ya sauko da ita (Galatiyawa 1:8). Ya kuma ce Shaiɗan yana iya yin shigar mala'ika mai haske (2 Korintiyawa 11:14). Musa ya ce ko alamar mai mafarki ta cika, in yana karkatar da mutane daga Ubangiji, kada a bi shi (Kubawar Shari'a 13:1-3). Ashe haske da al'ajabi ba su isa shaida ba. Matafiyi a hanyar Tawa da tsakar rana yakan hangi kawalwalniya kamar tabki, ya gan ta da idonsa sarai, amma ba ta kashe ƙishirwa. Saƙon Lurd ya ce Maryamu ba ta da aibin zunubi. Littafi ya ce dukanmu masu zunubi ne (Romawa 3:23), Maryamu kuma da bakinta ta kira Allah mai cetonta (Luka 1:47). Wa yake bukatar mai ceto in ba mai zunubi ba?

Wa yake ɗaukakawa? Muna girmama Maryamu. Mai albarka ce, ta ba da kanta ga nufin Allah, ta tsaya gindin gicciye sa'ad da yawancin almajirai suka gudu. Amma maganarta ta ƙarshe da aka rubuta cikin Littafi, a bikin Kana ne, inda ta tura barori wurin Yesu su yi masa biyayya (Yohanna 2:5). Bayan tashin Ubangiji mun iske ta cikin taron masu bi tana addu'a tare da su (Ayyukan Manzanni 1:14), ba wanda yake addu'a gare ta. Ko mala'ika, da Yohanna ya faɗi a gabansa, hana shi ya yi (Ru'ya ta Yohanna 22:8-9).

Ta wace ƙofa yake cewa a tsira? Saƙon Fatima ya haɗa tsiran rayuka da girmama zuciyar Maryamu. Manzanni kuwa sun ce babu ceto ga kowa sai ga Yesu (Ayyukan Manzanni 4:12), shi kaɗai ne matsakanci (1 Timotawus 2:5). Talaka yakan nemi bafade ya kai shi gaban sarki. Amma ɗan sarki ba ya neman bafade, gama gidan ubansa ne. Ta wurin jinin Yesu mun zama 'ya'ya, an kuwa ce mu matso ba tsoro (Ibraniyawa 4:16).

5. Bitrus a bisa dutse

Ku tuna abin da muka karanta da fari. Bitrus ya ga wahayi na gaskiya, ba shakka a ciki. Ya ga fuskar Yesu tana haske, ya ga Musa da Iliya. Me ya so yi? Ya so ya kafa bukkoki uku, a tsare wurin. Yana cikin magana sai murya daga gajimare ta nuna musu Ɗan, ta umarce su su saurare shi. Da suka ɗaga ido, Musa ya tafi, Iliya ya tafi, saura Yesu.

Da Bitrus ya tsufa, ya rubuta wa masu bi labarin ran nan. Bai ce su tafi su nemi dutsen ba. Ya ce su mai da hankali ga maganar annabawa, wadda ya kwatanta da fitila cikin duhu. Mutumin da ya gani da idonsa, shi ne ya mai da mu ga Littafi. A nan ji ya kori gani, gama ta wurin jin Magana bangaskiya take tsira (Romawa 10:17). Ubangiji kuma ya sa albarka ga waɗanda suka gaskata ba tare da sun gani ba (Yohanna 20:29). Ɗan'uwa, kai da ba ka taɓa ganin wahayi ba, kada ka ce bangaskiyarka ƙarama ce. Albarkan nan taka ce.

6. A gidanmu fa?

Kada mu duba gidan maƙwabci mu manta da namu. A cikinmu ma akwai masu yawo ƙauye ƙauye suna cewa, “An nuna mini,” suna sayar da mai da ruwa. Tiya ɗaya ce za mu auna su da ita. Akwai kuma 'yan'uwa da suka fara neman Yesu saboda mafarki, muna gode wa Allah dominsu. Amma mafarkin kamar sawun garke ne da ya kai ka rijiya. In ka isa, sai ka zura guga ka sha, ba ka koma kana bin sawu.

Ke uwargida, in an miƙo miki kwalba, kada ki yi faɗa, gama ƙauna ce ta kawo ta. Ki yi godiya, ki ce, “Iya, na gode da tausayinki. Ni dai ga Yesu nake kai kukana, zo mu roƙe shi tare.” Ki kira dattawan ikklisiya su yi addu'a (Yaƙub 5:14), ku kai yaron likita da wuri, kada ku jira zazzaɓi ya yi ƙarfi.

Kada kuma yaranmu su yi wa 'yan Katolika ba'a. A watan Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, wutar ba ta bambanta tasu da tamu ba. Mu zauna da su lafiya, mu buɗe Littafi tare, mu yi magana da tawali'u.

Tambayoyi

1. Me Bitrus ya so yi a bisa dutse, me kuma muryar ta umarta?
2. Waɗanne tambayoyi uku za mu auna wahayi da su?
3. Me Maryamu ta gaya wa barori a Kana?
4. Ran wahala, sunan wa yake fara zuwa bakinka?

Ayar haddacewa: 1 Timotawus 2:5.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Maganarka da ka ba mu cikin harshenmu. Ka tsare mu daga ruɗi, ka tsare mu daga girman kai. Ka sa wa maƙwabtanmu albarka. Ka koya mana da 'ya'yanmu mu dogara ga Ɗanka, ko mun gani ko ba mu gani ba. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.