Masu Jan Ɗakinsu Zuwa Broome

A darasin labarin ƙasa mun saba da haddace sunayen manyan birane da koguna, amma sau da yawa ƙaramin gari guda, in an dube shi da kyau, ya kan koya wa yaro abin da jerin sunaye ba zai koya masa ba. Sabo da haka mu ka zaɓi wani gari a ƙasar Ostireliya, sunansa Broome, ana faɗinsa Burum, domin mu duba yadda a ke zuwa can, da abin da ke kai mutane, da kuma abin da ke kashe wanda ya tafi ba shiri.

Ku buɗe taswira, ku sa yatsa a gaɓar arewa maso yamma ta Ostireliya, inda ta fuskanci Tekun Indiya. Nan Broome ya ke, wajen daraja 18 kudu da layin da ya raba duniya biyu, kusan yadda Agadas ta ke daraja 17 arewa da shi. Mazaunansa wajen mutum 15,000 ne. Daga Perth, babban birnin jihar, zuwa can ta hanyar mota, mil 1,400 ne ko kusa da haka, watau kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Ikko ta jirgin ƙasa, ya komo. Ba reluwe da ya isa garin. Ko dai jirgin sama, ko jirgin ruwa, ko kuwa mota.

To, a cikin masu zuwa da mota akwai wata jama'a mai yawa da ba ta sauka a masauki. Ɗakinsu su ke ja a bayan motar. Wani ɗan ɗaki ne a kan ƙafafun mota, da gado a ciki, da murhun gas, da tankin ruwa, a bisa rufin kuwa da faranti mai tara hasken rana ya mai da shi lantarki. Sunan da Turawa ke kiran wannan ɗaki da shi, asalinsa kalmar Farisa ce, ma'anarta ayari. Yawancin masu wannan tafiya tsofaffi ne da su ka bar aiki, miji da mata, har mutanen ƙasar su ka yi musu laƙabi da masu yawo masu furfura. Waɗansunsu kewaya ƙasar duka su ke yi ta babbar hanyar da ta bi gaɓa, tsawonta wajen mil 9,000, su yi shekara guda ko fiye a kai. Ba fatauci su ke yi ba, ba kuma neman makiyaya ba. Sanyin kudu su ke gudu, su na kallon ƙasarsu.

Abu na fari da ya kamata ɗalibi ya kama shi ne lokaci. Da ya ke garin kudu da layin nan ya ke, shekararsu a juye ta ke da tamu. Damina ta kan faɗi tsakanin Nuwamba da Afrilu, sa'ad da mu ke cikin hunturu da bazara. Raninsu kuwa daga Mayu ne zuwa Oktoba, lokacin da mu ke noma. Ruwan da su ke samu a shekara wajen inci 24 ne, bai yi nisa da na arewacin ƙasar Hausa ba, amma yawancinsa cikin wata uku ya ke zuba, wani lokaci tare da guguwar teku mai tumɓuke itatuwa. Don haka ayarin nan na rani ne. Cikin Yuni da Yuli da Agusta rana ba ta da zafi ainun, dare da sanyi-sanyi, sama garau, sai garin ya cika ya batse, baƙi su fi 'yan gari yawa. Wanda bai aika an kama masa wuri a zango tun da watanni ba, ya kan iso ya tarar ba inda zai kafa ɗakinsa. Da Nuwamba ta kama kuwa, sai ka ga an watse kamar kasuwar ƙauye da magariba.

Hanyar ita ce ainihin darasin. Daga garin Port Hedland zuwa Broome mil 380 ne, ba gari ko ɗaya a tsakani, sai 'yan zanguna masu sayar da mai da abinci. Tsakanin zangon Sandfire da na Roebuck da ke kusa da Broome wajen mil 180 ne, ya fi daga Kano zuwa Kaduna, ba famfon mai ko guda. Motar da ke jan ɗaki kuwa ta fi motar da ke tafiya ita kaɗai shan mai nesa ba kusa ba, balle in iska na bugun ta ta gaba. Zangunan nan ma ba tabbas gare su ba: a cikin Afrilu 2023 guguwar da a ka sa wa suna Ilsa ta rugurguza zangon Pardoo, a ka yi watanni ba a sayar da mai a wurin ba. Sabo da haka ƙa'idar masu hankali ita ce, duk inda ka ga mai ka cika, ko da tankinka bai yi rabi ba. Madugun da ya san hanyar Bilma ba ya wuce rijiya da salka rabi don ya na sa ran wata a gaba. Hankali ɗaya ne, abin hawa ne kawai ya sāke.

Ga lissafin ruwa, wanda ya dace a ba 'yan aji su yi da kansu. A ƙasa mai zafi irin wannan, mutum ɗaya na bukatar galan guda a yini don sha kaɗai, ban da dafuwa da wanka. Mutum 4 da za su yi kwana 5 nesa da famfo, galan 20 ke nan, watau garwa 5. Galan guda na ruwa nauyinsa laba 10 ne, ashe sun ɗora wa motar laba 200 tun ba a sa mai da abinci da tayoyin ajiya ba. Nan ne wahalar ta ke: in ka rage ruwa ka sayi ƙishirwa, in ka cika kaya ɗakin ya yi nauyi, ya riƙa wutsiya a bayan mota har ya kifar da ita. Ko wane ɗaki akwai iyakar nauyin da doka ta yarda ya ɗauka, kuma yadda a ka jera kayan ma abin lura ne, masu nauyi a ƙasa, bisa ƙafafun, ba can baya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ta karkace ya san dalili.

Akwai kuma abokan hanya. Manyan motocin kaya na can su kan ja akwati uku ko huɗu a jere, tsawonsu ya kai ƙafa 175, ba su kuwa iya tsayawa farat ɗaya. Shanun manyan garkunan ƙasar sau da yawa ba shinge tsakaninsu da hanya, ga kuma kangaru da ke fitowa da asuba da almuru. Shi ya sa masu jan ɗaki su kan tashi da hantsi su sauka tun la'asar. In mota ta lalace a daji, dokar da kowa ke faɗi ita ce kada ka bar motarka. Daga sama an fi ganin mota da mutum, ga inuwa a gindinta, ga ruwa a cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda ƙishirwa ta kashe a dajin Ostireliya, waɗanda su ka taka da ƙafa neman taimako ne. Wayar hannu ba ta kamawa a yawancin hanyar, sai a riƙe wata 'yar na'ura mai aika kira ta tauraron ɗan'adam. In ciwo ne, akwai likitocin jirgin sama, aikin da John Flynn ya kafa a 1928, har yanzu kuwa su ne asibitin mutanen daji.

Kwalta ba ta daɗe ƙwarai a wannan yanki ba, don sai a 1986 a ka gama shimfiɗa ta a sashe na ƙarshe na babbar hanyar, tsakanin Fitzroy Crossing da Halls Creek. Ko da kwaltar ma ruwa ya fi ƙarfinta: a Janairu 2023 ambaliya ta karya gadar kogin Fitzroy, mil 250 gabas da Broome, sai a Disamba na wannan shekara a ka buɗe sabuwa. Masu ƙarfin hali su kan bar kwalta su bi hanyar Gibb, wadda ta tashi daga Derby ta ratsa duwatsu wajen mil 410. An gyara ta ne don kai shanu bakin jirgi, yawancinta jar ƙasa ce da gargada, ana ƙetare kogi da mota, da damina kuma a kan rufe ta. A nan ne Bahaushe zai ga abin da zai sa shi murmushi, don itacen da ya fi yawa a idon matafiyi ɗan'uwan kuka ne, da ƙaton ciki da 'yan rassa kamar saiwa, ya na kuma zubar da ganye da rani yadda tamu ke yi.

Me ya sa a ka kafa gari a irin wannan wuri? Wani irin makankarin teku ne sanadi, faɗinsa kamar faranti, cikinsa na ƙyalli. Da ɓawonsa a ke yin maɓallan riga a Turai da Amurka. Lu'ulu'un da a kan samu a ciki jefi-jefi, riba ce a kan riba. An kafa garin a 1883, a ka sa masa sunan Gwamnan lokacin, Sir Frederick Broome. Kafin yaƙin 1914 jiragen nutso wajen 400 ke aiki daga nan, kuma yawancin ɓawon da duniya ke amfani da shi daga nan ya ke fita. Amma kada ƙyallin ya rufe mana ido. Da fari 'yan asalin ƙasar a ka riƙa kamowa ƙarfi da yaji, maza da mata, a na tilasta musu nutso ba kayan kariya. Daga baya a ka zo da kwalkwalin tagulla da mesar iska, sai Japanawa da Malayawa da waɗansu mutanen Asiya su ka karɓi aikin. Mai nutso in ya yi zurfi a ka jawo shi sama da gaggawa, iskar da ta narke a jininsa sai ta yi kumfa, ya shanye ko ya mutu. Ga kuma guguwa, wadda a 1935 kaɗai ta hallaka mutum wajen 140 a jiragen. Maƙabartar Japanawa da ke garin ta na da mutum fiye da 900. Bayan 1950 maɓallin roba ya kashe kasuwar, sai a ka koma noman lu'ulu'u, wanda a ka fara a Kuri Bay a 1956.

Yaƙi ma ya iso nan. Ran 3 ga Maris 1942 jiragen saman Japan su ka faɗa wa garin, su ka tarar da jirage masu sauka a ruwa cike da 'yan gudun hijira Holandawa daga Jawa, a ka kashe mutum 88 ko fiye. Gawar waɗansu jiragen na nan cikin laka, ana ganin su in teku ta janye ƙwarai.

Wannan janyewa ita ce abin da ya fi wuyar bayyanawa ga yaron da bai taɓa ganin teku ba. Sau biyu a yini ruwan ya kan cika ya koma, sabo da jan wata da rana, a Broome kuwa bambancin cika da janyewa ya kan kai ƙafa 30, tsawon dogon gini. Baƙo ya kan ajiye mota a kan rairayi busasshe, ya tafi yawo, ya komo ya tarar ruwa ya kai mata taga. Daga Maris zuwa Oktoba, in wata ya cika ya fito daidai da janyewar ruwa, haskensa ya kan kwanta a kan laka layi-layi kamar matakala, masu ɗakuna su fito da kujeru su yi ta kallo. A bakin dutsen Gantheaume kuma, in ruwa ya ja baya sosai, a kan ga sawun manyan dabbobin da su ka ƙare, wanda masana su ka ce ya shekara wajen miliyan 130. Ruwan dai ba na faɗawa da ka ba ne. Akwai kadan ruwan gishiri a bakin ƙoramu, da damina kuma akwai wata halitta mai kama da leda, mai dafi, da ke iya kai mutum asibiti.

Rairayin da ya fi suna, Cable Beach, tsawonsa mil 14, ya samo sunansa daga wayar tangarahon da a ka shimfiɗa ta ƙarƙashin teku daga nan zuwa Jawa a 1889. Da yamma a kan ga jerin raƙuma a kansa ɗauke da baƙi. Raƙumi ba ɗan ƙasar ba ne. Tun daga 1860 a ka riƙa shigo da su da yawa daga wajen Indiya, tare da masu jan su, yawancinsu Musulmi, su ne su ka yi ta kai kaya cikin hamadar Ostireliya kafin mota ta zo. Da mota ta karɓe aikin a ka saki dabbobin, su ka yaɗu a daji har su ka kai dubu ɗaruruwa.

Saura magana guda, wadda a ganinmu ta fi sauran nauyi. Matafiyi in ya ga fili ba gida ba gona, sai ya ɗauka ba mai shi. Ba haka ba ne. Ƙasar da Broome ke kanta ta mutanen Yawuru ce tun kafin Bature William Dampier ya ratso gaɓar a 1699, kuma a 2006 kotun tarayya ta tabbatar musu da haƙƙinsu a kanta. Arewa da garin, a kan hanyar Cape Leveque da a ka gama sa wa kwalta a 2020, akwai ƙauyukan Bardi da waɗansu kabilu. Da hanyar ta yi kyau baƙi su ka ƙaru, tare da su kuwa shara, da wutar daji daga murhun da ba a kashe ba, da tattake wuraren da mutanen ke girmamawa. Don haka waɗansu wurare sai da izini a ke shiga, waɗansu a biya, waɗansu kuwa ba a shiga sam, kwana a gefen hanya cikin gari kuma laifi ne mai tara. Fataken dā in sun iso zango, madugu ya kan aika wa mai gari kafin a sauke kaya, a nuna musu rijiyar da za su sha da inda za su ɗaure dabbobi. Malamin da zai kai wannan darasi aji, ya iya farawa daga nan, tun da yaran sun san zango, sa'an nan ya ɗauko taswira da garwa, ya sa su auna mil 180 ɗin nan da zare, su lissafa ruwan da mutanen gidansu za su bukata in mota ta tsaya musu a tsakiya kwana 3.