Jego a Ingila: Amsa Ga Wata Uwa Daga Yana

Hajiya, kin rubuto daga Yana kina tambayar wa zai kula da 'yarki mai neman mafaka a Ingila in ta haihu, tunda ba wankan gida. Kwantar da hankalinki. Asibitocin gwamnatin can ba sa korar mai ciki don rashin kuɗi, masu neman mafaka ma ba sa biya. Ungozoma kan bi mai jego gida, likita ya duba ta bayan mako 6 zuwa 8.

Abin da ke damuna, baƙaƙen mata sun ninka Turawa mutuwa a sanadin haihuwa. Ki ce mata ban da kara. In ta ga zubar jini, zazzaɓi, ciwon kai ko baƙin ciki, ta faɗa nan take, ta kuma nemi tafinta.