Filin Shawarwari: Ƙanena Ya Ce In Toshe Ƙofa Ta 445

 Ni malamin firamare ne a Talata Mafara. Da yamma nakan buga wa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ayyukansu a kwamfutata ta gida, da shi nake cike giɓin cefane. Ina da 'yar na'urar Wi-Fi, na ba maƙwabci lambar sirrinta, shi ma ya ba wasu, yanzu bayan isha'i samari kan cika dakalin ƙofar gidana kowa da wayarsa. Ƙanena da ke aiki a Maradun ya shigo ranar kasuwa, ya duba kwamfutar, ya ce ƙofa ta 445 a buɗe take, in toshe ta. Yana sauri kada dare ya yi masa a hanya, bai nuna mini yadda ake yi ba. Ayyukan nan amana ne a hannuna, har da na wata ɗaliba 'yar Bakura da ke dab da kammalawa. A taimaka mini da shawara.

Mai karatu, Talata Mafara

 Allah Ya saka da alheri da ka ɗauki aikin mutane da nauyi haka. Ƙanenka ya faɗi gaskiya.

Kwamfuta kamar gida ce mai ƙofofi sama da 65,000, kowace da lambarta da aikinta, katangar tsaro ta Windows kuwa ita ce mai gadin da ke cewa wannan ya shiga, wancan ya koma. Ta 445 ita ce Windows ke musayar fayiloli da firinta ta cikinta. Ta nan ne ƙwayar cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayiloli a kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta ce sai an biya fansa. Wata biyu kafin nan Microsoft ya fitar da maganin matsalar, amma mutane da yawa ba su sabunta kwamfutocinsu ba.

Ga yadda za ka yi. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wf.msc, ka danna Enter. A hagu ka zaɓi Inbound Rules, a dama New Rule. Sai ka zaɓi Port, sannan TCP, ka rubuta 445 a gurbin lamba. A shafi na gaba ka zaɓi Block the connection, ka bar akwatunan nan uku da alamarsu, ka raɗa wa dokar suna, ka danna Finish. In kana da wata kwamfutar da ke aiko da takardu zuwa firintarka ta cikin wannan kwamfutar, za ta iya dainawa. Bugawa daga kwamfutarka zuwa firintar da ke haɗe da ita kai tsaye kuwa ba abin da zai same shi. In ba ka sarrafa kwamfutar daga nesa, ka yi wa ƙofa ta 3389 haka. Kada ka je sashen Outbound Rules ka toshe 80 ko 443, don ta nan ake buɗe shafukan intanet.

Amma abin da ya fi damuna shi ne dakalin nan. Wanda ke nesa da wuya ya iso kwamfutar da ke bayan 'yar na'urarka. Wanda ke da lambar sirrinka kuwa ya riga ya shigo tsakar gida, kuma ba sai yana da mugun nufi ba, na'urarsa ma na iya ɗauke da cuta bai sani ba. Na san kunyar maƙwabci na da nauyi, amma ka canza lambar yau, ka ba wanda ka yarda da shi kaɗai.

Sannan katanga ba ta tare abin da ya shigo ta filashin ɗalibai, sai ka riƙa bincikar kowane kafin ka buɗe. In kuma Windows 7 kake amfani da ita, Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, ka nemi a sauya maka. Aikin 'yar Bakuran nan, ka kwafe shi a filashi na daban tun daren yau, ka cire ka adana.