Akwatin Tambaya Ba Ya Jiran Kowa

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina koyon haɗa manhajar Android da harshen Kotlin, kuma ina gwada hannuna da wata 'yar manhajar rubuta bashi don shagon yayana. Akwatin nan da ke fitowa ya tambayi mutum kafin a aikata abu, wato AlertDialog, shi ya hana ni sakat. Na sa ya tambaya "A goge wannan bashin?" amma kafin a taɓa komai bashin ya riga ya goge. Akwai kuma akwatin shigar da kuɗi: idan mutum bai rubuta komai ba ya danna "Ajiye", ina so ya tsaya ya nuna masa kuskurensa, amma sai ya rufe abinsa. Sannan wani lokaci idan an juya waya, ko an fita an dawo, sai manhajar ta mutu. Don Allah daga ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya yi wa karatu albarka. Ka kawo matsaloli uku, amma tushensu ɗaya ne, shi ne lokaci: yaushe kowane layi na kod ɗinka yake aiki, kuma shafin da ya buɗe akwatin yana raye a lokacin ko ya tafi. Idan wannan ya zauna maka, sauran duk gyaran layi biyu ne ko uku.

Mu fara da bashin da ke gogewa da kansa, don shi ne mai iya haɗa yayanka faɗa da abokan cinikinsa. Ina kyautata zaton ka kira show don nuna akwatin, sannan a ƙarƙashinsa ka rubuta umarnin gogewa, da tunanin cewa wayar za ta tsaya a wurin har mutum ya ba da amsa. Ba ta tsayawa. Umarnin show yana miƙa akwatin ga tsarin Android ne kawai, ya dawo nan take, layin da ke ƙasa ya ci gaba da aiki tun kafin akwatin ya gama bayyana a fuskar waya. Kamar ka aiki yaro ya tambayo maigida ko a yanka kaza, kai kuma ka ɗauki wuƙa tun yaron bai fita ƙofa ba.

Ba don sakaci aka tsara shi haka ba. Duk abin da ya shafi zana fuskar manhaja da karɓar taɓawar yatsa, layin aiki guda ɗaya ne ke ɗauke da shi, wanda ake kira babban layi, kuma saƙo ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Da show zai tsare wannan layi yana jiran amsa, da babu wanda zai zana akwatin, balle ya ji an danna maɓalli. Shi ya sa nake gargaɗinka da wata dabara da masu koyo ke faɗawa ciki: su kafa madauki yana ta juyawa har sai amsa ta zo. Amsar ba za ta zo ba, don madaukin ya riƙe hanyar da za ta biyo. Idan an taɓa fuskar waya aka kai kimanin daƙiƙa 5 babu martani, Android zai fito da sanarwar cewa manhajar ta daina amsawa, abin da masu sana'ar ke kira ANR.

Gyaran shi ne ka ɗauke umarnin gogewa ka kai shi cikin mai sauraron da kake bai wa setPositiveButton. Abin da ke cikin wannan mai sauraro ba ya aiki sai an danna. Wannan kuskure yana da wata fuskar da ya kamata ka sani: mutum ya kafa wata alama, misali amince, ya ba ta false, ya ce maɓalli ya mayar da ita true, sannan ya duba ta a ƙasan show. Shi kuma nasa bashin ba zai taɓa gogewa ba, don an duba alamar tun ba a danna komai ba.

Tunda bashi kake rubutawa, kada ka goge da lambar matsayi a jeri. Tsakanin fitowar akwati da danna maɓalli jerin na iya sauyawa, na uku ya koma na huɗu, a goge bashin wani a bar na wani. Riƙe lambar shaidar da rumbun bayananka ya bai wa wannan bashi, ka goge da ita. Kuma ka sa sunan mai bashin da adadin kuɗin a cikin tambayar, maɓallan su faɗi aikinsu ƙarara, "Goge" da "Bari", don mai shago yana dannawa ne yana kuma ba wani canji.

Sai akwatin da ke rufewa ba da izininka ba. A nan kod ɗinka ba shi da laifi, ɗabi'ar AlertDialog ce: duk maɓallin da ka saka ta hanyar Builder, na amincewa ne ko na ƙi ko na tsakiya, da zarar an danna shi sai a kira mai sauraronka, sannan a aika saƙon rufe akwatin. Babu abin da za ka rubuta a cikin wannan mai sauraro da zai hana rufewar. Hanyar da aka saba bi ita ce ka bai wa setPositiveButton rubutun "Ajiye" amma a gurbin mai sauraro ka sa null. Ka kira show. Bayan nan ka nemo ainihin maɓallin da getButton, kana ba shi BUTTON_POSITIVE, ka ɗora masa naka mai sauraron da setOnClickListener. Naka ya maye gurbin na asali mai rufewa, don haka yanzu kai ke da iko: idan gurbin kuɗi fanko ne, ka nuna kuskure da setError ka dawo, idan komai daidai ne, ka ajiye, sannan ka kira dismiss da hannunka. Kada ka manta da wannan na ƙarshe, in ba haka ba ka koma da akwatin da ba ya rufewa sam.

Ka lura da tsarin da na jero. Idan ka kira getButton kafin akwatin ya ginu, null zai ba ka, manhajar ta faɗi da NullPointerException, domin maɓallan ba su wanzu ba tukuna. Wasu sukan saka wannan aiki a cikin setOnShowListener, shi ma daidai ne. Haka kuma gurbin rubutun da ke cikin akwatin: ka neme shi a cikin zanen da ka saka wa akwatin, ba a cikin Activity ba, wato shafin da ya buɗe akwatin, don Activity bai san da shi ba.

Akwai abubuwa biyu da za su biyo bayan wannan gyara. Mutanenmu sukan rubuta kuɗi da waƙafi, 5,000 a madadin 5000, kuma toInt zai kashe manhajar da NumberFormatException idan ya ci karo da waƙafi ko fanko. Cire waƙafin, ka yi amfani da toLongOrNull, wanda ke mayar da null cikin lumana. Na biyun ya fi haɗari. Tunda akwatin ba ya rufewa da kansa yanzu, idan ajiyewa ta ɗan jinkirta mutum zai sake dannawa, bashi ɗaya ya shiga sau biyu. Kashe maɓallin tun a dannawar farko, ka kunna shi idan ajiyewar ta gaza. Wasu sun fi son su bar maɓallin a kashe har sai an rubuta abu mai ma'ana. Ni na fi son a bar shi a kunne a faɗa wa mutum abin da ya rage, domin maɓallin da ya ƙi dannuwa ba ya bayani, kuma wanda bai saba da waya sosai ba zai ɗauka manhajar ce ta lalace.

Wani abu da ake mantawa: idan mutum ya danna komawa baya, ko ya taɓa wajen akwatin, mai sauraron maɓallin "Bari" ba ya jin komai. Wannan sokewa ce, tana da nata mai sauraro, setOnCancelListener. Idan dole sai an zaɓi ɗaya, ka bai wa setCancelable false, amma ka yi hakan da ƙyar, mutane ba sa son a kulle su.

Yanzu mutuwar manhaja, wadda ita ce ta fi zurfi. Idan aka juya waya, Android ba ya juya shafinka kawai. Yana rushe Activity ɗin gaba ɗaya ya gina sabo. Akwatin da ka buɗe yana manne da tagar tsohon, sai ya rasa madafa, ka ga WindowLeaked a cikin Logcat. Sau da yawa wannan saƙon ba shi ne ke kashe manhajar ba. Kisan yana zuwa daga baya, lokacin da wani aiki ya kammala ya ce zai rufe akwatin da tagarsa ta riga ta tafi, ko ya ce zai buɗe sabo a kan shafin da ya mutu. Na biyun shi ke haifar da BadTokenException. Wannan kuskuren kuma yana fitowa idan ka gina akwatin da applicationContext, domin shi ba shi da taga. Akwati na bukatar Activity mai rai.

Za ka ji wani ya ce ka hana manhajar juyawa, shi ke nan. Wannan rufe ido ne. Sauya harshen waya, ko shiga yanayin duhu, ko raba fuskar waya biyu, duk suna iya jawo rushewa da sake gini iri ɗaya. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: yawancin masu shaguna a nan ƙananan wayoyi suke riƙewa masu ƙarancin ƙwaƙwalwa. Yayanka zai buɗe akwatin shigar da kuɗi, ya leƙa manhajar banki ya ga ko kuɗi sun shigo, kafin ya dawo Android ya kashe taka don ya samu wuri. Abin da ba ka taɓa gani a kwamfutarka ba, shi zai riƙa gani kullum.

Maganin da aka tanada shi ne DialogFragment, wanda ya zo tun Android 3.0 a 2011. Yi amfani da na androidx, domin na cikin tsarin an daina ba da shawararsa tun Android 9 a 2018. Kana gina AlertDialog ɗinka a cikin onCreateDialog, tsarin kuma ya ɗauki nauyin rufe shi da sake buɗe shi idan shafi ya sake ginuwa. Dabarar getButton da na faɗa sai ka kai ta cikin onStart. Amma DialogFragment yana da nasa sharuɗɗa. Idan an sake gina shi, duk abin da ka miƙa masa da hannu, har da mai sauraron da ka ba shi daga Activity, ya ɓace. Akwatin zai dawo da kyau, a danna "Goge", babu abin da zai faru. Don haka lambar shaidar bashi ta shiga ta arguments, amsa kuma ta fita ta setFragmentResult, ko ta ViewModel da shafin da akwatin suke tarayya a kai. Ka tuna ViewModel yana tsallake juyin waya amma ba ya tsallake kisan manhaja, arguments kuwa suna tsallake duka biyun. Kada kuma ka saka wa akwatin masu sauraron sokewa da rufewa da kanka, DialogFragment ke riƙe da su; akwai onCancel da onDismiss da za ka rubuta naka a ciki.

Idan intanet na cikin lissafi, amsa na iya zuwa bayan mutum ya bar shafin, ka ce za ka nuna DialogFragment, ka gamu da IllegalStateException mai ambaton onSaveInstanceState. Abin da ya fi shi ne sakamakon ya zauna a ViewModel, shafin ya ɗauka ya nuna idan ya dawo gaba. Kuma duk buɗe akwati ko taɓa shi, a kan babban layi ake yi, ba daga layin da ke aikin bayan fage ba.

Idan wata rana ka koma Jetpack Compose, wanda ya fito a cikakke a 2021, za ka tarar da akasin matsalarka ta biyu: can maɓalli ba ya rufe akwati sai ka sauya alamar da ke nuna shi.

Don ka kama matsala ta uku da idonka, shiga bayanin waya ka danna lambar gini sau 7, zaɓuɓɓukan masu haɗa manhaja su buɗe. A ciki akwai wanda ke hana riƙe Activity, kunna shi. Daga nan duk lokacin da ka bar shafi za a rushe shi. Buɗe kowane akwati, ka juya waya, ka fita ka dawo, ka danna kowane maɓalli, ka danna shi sau biyu da sauri. Idan ta faɗi, je Logcat ka nemi FATAL EXCEPTION, ka karanta sunan kuskuren, sannan ka gangara har layin farko mai ɗauke da sunan kunshin manhajarka, wanda zai ba ka fayil da lambar layin da za ka duba. In ka gama gwaji ka kashe wancan zaɓin, don yana shafar duk manhajojin da ke wayar.