Me Ya Sa Igiyar Lilo Take Tsinkewa a Tsakiya?

A hutun da ya wuce na je gida, wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, bayan an gama girbin gero. Yara sun samu sarari, sun ɗaura lilo a reshen tsamiyar da ke bakin gonarmu. Ina kallo aka ja ƙanena baya sosai aka sake shi, yana isowa tsakiya igiyar ramar ta tsinke, ya tashi da targaɗe a hannu. Inna ta ce igiyar ce ta tsufa. Haka ne, amma ai tun safe yake zama a kanta ba ta tsinke ba. Me ya sa sai da gudu, kuma sai a tsakiya?

'Yan uwa ɗalibai, amsar tana cikin darasin fendulum ɗin nan da muke haddacewa don jarrabawa kawai. Lilo fendulum ne.

Idan aka ja yaro baya, an ɗaga shi sama ke nan, ƙarfin mai jan ya zama makamashin da ke ajiye saboda tsayi, wato mgh. Ana sakin sa wannan ajiyar ta fara komawa makamashin motsi, ½mv². A can ƙarshe akwai tsayi babu gudu, a tsakiya tsayin ya ƙare, komai ya zama gudu. Jimillar dai ba ta canzawa.

Mu sa lamba. A ce igiyar mita 3 ce, yaron kilo 30, an ja shi har igiyar ta karkace digiri 60. Tsayin da ya hau shi ne h = L(1 − cos 60°), wato mita 1.5. A nan da yawanmu ke faɗuwa: sai mutum ya ɗauki tsawon igiyar gaba ɗaya ya ce shi ne h. Ni ma na taɓa asarar maki a kan haka. Ana auna h ne daga inda mazaunin ya fi yin ƙasa. Makamashin ya zama 30 × 9.8 × 1.5, jul 441. Ku daidaita mgh da ½mv², sai m ta fita, v² = 2gh = 29.4. Gudun ya kai mita 5.4 a daƙiƙa, kusan kilomita 20 a awa, gudun mai keke da ke sauri. Yaro ne ko ƙato, gudun ɗaya ne.

To a tsakiya igiyar aiki biyu take yi. Tana riƙe nauyin yaron, mg, tana kuma lanƙwasa tafiyarsa zuwa sama, wanda ke buƙatar mv²/L. Lissafa: 29.4 a raba da 3 ya ba da 9.8, wato wani mg ɗin cur. Ke nan igiyar da ta saba da kilo 30 ta ji kamar an rataya mata 60. Da an ja shi har igiyar ta miƙe daidai da reshe, ninki uku za ta ji.

Galileo ya kawo wani gwaji a littafinsa na 1638: ya kafa ƙusa a hanyar zaren, zaren ya maƙale, amma ƙwallon ya hau kusan tsayin da aka sake shi. Na ce "kusan" domin iska da gugar igiya a reshe suna mayar da kaɗan zafi a kowane zuwa. Ku duba reshen lilo, za ku ga ɓawon ya goge sumul. Wannan gugar ce kuma ke cin igiyar a hankali.

Da muka ɗaura sabuwa, ni na fara zama a kai da kilo 60 da 'yan kai ɗina, sannan na ja layi a ƙasa na ce kada wanda ya ja lilon ya wuce nan. Washegari na tarar sun share layin.