Gangara da Giya Ake Saukarta

Mu makanikai mun san motar da aka sauko da ita gangara a kan birkin ƙafa kaɗai: faifan birkin ya koma shuɗi, tayar na warin ƙuna. Akori-kura mai shan dizal, idan ta ɗauko kaya ta nufi gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, nauyinta ne ke tura ta, birki kuwa ba abin da yake yi sai mayar da wannan turi zafi. Man birki na DOT 3 yana tafasa a digiri 205 in sabo ne, in ya sha danshi kuwa tun a wajen 140. Da zarar ya tafasa, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota na ta tafiya. Don haka inji ya kamata ya riƙe mota, a bar birki don tsayawa.

Sai dai injin dizal bai kai na fetur riƙo ba, domin iska na shiga masa ba tare da wani shamaki ba. Wannan giɓi ne birkin salansa ke cikewa. Wani murfi ne a bututun hayaƙi da ke rufewa idan aka ɗaga ƙafa daga totur, hayaƙi ya rasa mafita, fistin ya riƙa kokawa da shi, ƙarfin da yake kashewa kuma daga tayoyi yake fitowa. A manyan akori-kurar Amurka, irin su Ram mai injin Cummins da Ford mai Power Stroke, fikafikan cikin tabo (turbo) ne ke tsukewa su yi wannan aiki. Amma riƙon yana ƙaruwa ne da saurin juyawar inji. Wanda ya kunna birkin salansa a giya ta biyar ba zai ji wani riƙon kirki ba, sai ya sauko ta uku ko ta biyu. Motar da ba ta da shi ma, ƙaramar giya ce gatanta.

Wasu direbobi kan ce kukan da inji ke yi zai lalata shi. Muddin allurar saurin juyawar inji ba ta shiga ja ba, inji na cikin iyakar da aka ƙera shi. Wasu kuma kan sa firi wai don tattalin mai, alhali injin zamani yanke mai yake yi ɗungurungum idan mota na gangarawa cikin giya ba a taka totur ba, a firi kuwa sai ya sha. Inda masu ƙorafi ke da gaskiya shi ne kan santsi: birkin salansa tayoyin da inji ke juyawa kaɗai yake riƙewa, don haka in ana ruwa kuma bayan mota babu kaya, a kashe shi.

Direba, ka sauya giya tun kana kan tudu, kafin mota ta ɗauki gudu. Giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Allah ya kai mu gida lafiya.