Yadda Ake Ɗinka Bargon Faci, da Kayan Aikin da Ke Wajaba ga Mai Koyo

Bargon faci mayafi ne mai hawa uku: fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙyallaye masu launi iri-iri, da auduga a tsakiya, da shafi a ƙasa, sa'an nan a bi su da ɗinki har su zama abu guda. Matan Bengal suna yin nasu da tsofaffin zannuwa, matan Gee's Bend kuwa, wani ƙauye na jikokin bayi a jihar Alabama ta Amurka, da tsummokaran tufafin aikin gona suka riƙa yi, har aka baje kolin aikinsu a Houston da New York a 2002. Mu ma hikimar ba baƙuwarmu ba ce, domin lifidin da ake sa wa dawaki a hawan salla ɗinkinsa ke nan, kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da shi.

Kayan aikin kashi biyu ne, akwai wajibi, akwai mustahabbi, kuma galibin masu koyo a kan mustahabbin suke ƙarar da kuɗinsu. Wajibi shi ne almakashi mai kaifi wanda ba a yarda ya taɓa takarda ba, da tef na awo, da alli, da kwali mai kauri, da fil, da zaren auduga mai ƙarfi, da gajeriyar allura, da hular ƙarfen nan da ake sa wa yatsa, da dutsen guga. Keken ɗinki yana gaggauta aiki, amma ba sharaɗi ba ne. Haka nan wuƙar nan mai zagayayyen baki, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ana gara ta a jikin rula tana yanka yadi hawa huɗu a tashi ɗaya. Alheri ce ga mai hali, illa dai ba ta aiki sai da tabarmarta ta roba, kuma tana cin yatsa kamar yadda take cin yadi.

Da farko sai a zaɓi ƙyallaye na auduga zalla, masu kauri daidai da juna, domin idan aka gama leshi ko yadi mai santsi da atamfa, ɗaya zai miƙe, ɗaya ya tsaya, aikin ya karkace. Ragowar yadin da ke zube a shagon tela ya wadatar. A wanke kowane launi daban, musamman ja da shuɗi, saboda wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke tun bai shiga cikin 'yan'uwansa ba, a shanya, a goge.

Daga nan sai yanka, kuma a nan ne bargo yake gyaruwa ko ya ɓaci. A yanki kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, a ɗora shi a bayan ƙyalle daidai da tafiyar zaren saƙa, a zana da alli, a bi layin da almakashi. Bargon jariri, wanda shi ya fi dacewa da mai farawa, yana cin murabba'i 80, jeri 10, kowane jeri guda 8. Bakin ɗinki rubu'in inci ne, ba ƙari ba ragi, don haka kowane murabba'i zai koma inci huɗu da rabi, bargon ya tashi inci 36 a faɗi, 45 a tsawo. Wanda ya raina wannan rubu'i, yana ƙara kaurin zare a nan yana rage shi a can, ba zai ga aibin ba sai ya zo haɗa jeri da jeri, ya tarar ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da inci guda, alhali ba abin da zai yi sai warwara.

Kafin a zura zare, a shimfiɗa ƙyallayen a tabarma, a yi ta musanya musu wuri har ido ya gamsu, kada masu duhu su taru a kusurwa ɗaya. A ɗinka su bi da bi, fuska na kallon fuska. Kowane jeri aka gama a kwantar da bakin ɗinkinsa da dutsen guga, na farko ya kalli dama, na biyu hagu, domin in an zo gamawa gaɓoɓin su shige juna, kusurwoyi huɗu su haɗu a ɗigo guda. Danna dutsen ake yi a ɗaga, ba a jan sa.

Idan fuska ta kammala, sai a shimfiɗa shafi a daɓe mai tsabta, bayansa na kallon sama, a ɗora auduga, a rufe da fuskar. Shafi da auduga su zarce ta da inci 3 ta kowane gefe, domin ɗinki yana janye su. In audugar gida ce, lalle ne a gurje ta, a shiɓe ta da kyau, a baje ta ba tudu ba kwari. A kama hawa ukun da ɗinkin wucin gadi mai dogon taku, da zare mai launi dabam don sauƙin zarewa, daga tsakiya zuwa gefe.

Ainihin ɗinkin ma daga tsakiya yake farawa. Hannun hagu yana ƙarƙashi yana jin tsinin allura, na dama yana tura ta da yatsa mai hula, tana nitsewa tana ɓullowa, taku uku ko huɗu kafin a ja zare. Ƙullin zaren kuwa fizgarsa ake yi a hankali har ya ɓace cikin auduga. Daidaiton taku ya fi ƙanƙantarsa muhimmanci. Audugar gida tana son layuka kusa da kusa, in ba haka ba ta dunƙule a wankin farko.

Abin da ya saura shi ne baki. A datse rarar shafi da auduga, a yanko doguwar tsiri mai faɗin inci biyu da rabi, a ninka ta biyu a tsawonta, a ɗinka ta kewaye da fuskar, a naɗo ta baya, a kalmashe da hannu, sa'an nan a zare zaren wucin gadi.